ƘOFAR GIDAN WANI BA TASHA BA CE

Duk wanda ya san Tsibirin Ikko ya san cewa titunansa sun girmi mota. Unguwar Isale Eko, inda fadar Sarkin Ikko take, da Popo Aguda, inda 'yantattun bayi da suka komo daga Barazil suka gina benayensu a ƙarni na 19, an shata su ne domin mai tafiya a ƙasa da mai kaya a ka. Yau kuwa motoci sun cika su maƙil. Magidanci zai tashi da asuba ya tarar da a-kori-kura ta toshe masa ƙofa, direba ya kulle ya tafi abinsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Kasuwannin Idumota da Balogun da Ereko sun yi ta cin gidajen kwana ɗaya bayan ɗaya. Ana rushe tsohon gida a tayar da bene na kantuna da sito, ba a bar ko taku ɗaya na ajiye mota ba. Gadar Carter da ta Eko da ta uku wadda aka buɗe a 1990 suna ta kwararo motoci cikin tsibirin da ba ya ƙara faɗi. Ko mayar da babban birni Abuja a 1991 bai rage cunkoson ba.

Hukuma ta sha gwada dabaru. A 1977 an kafa dokar lambar mota, aka ware wa masu mara ranakunsu, masu cika nasu. Masu hali suka sayi mota ta biyu, dokar ta zama ta talaka kaɗai. A 2000 aka kafa hukumar LASTMA, janwe ya shiga aiki. Amma jan mota da cin tara ba su haifar da fili ba.

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa mazauna Ikko fiye da yadda ake zato. Da yawa cikinsu direbobi ne, ko 'yan dako, ko masu tura baro, ko masu gadi. Mai kaya yana zaune a kantinsa, amma wanda maigida zai gani a ƙofarsa shi ne direba da ɗan dako. Su ake zagi, su ake kamawa, kuma idan rai ya ɓaci ba a cewa wane ya yi laifi, sai a ce Hausawa ne. Jama'a ba su manta da kasuwar Shasha ta Ibadan ba, inda cacar baki a ƙofar wani shago a watan Fabrairu na 2021 ta zama faɗan ƙabilanci, aka rasa rayuka da dukiya.

Akwai kuma batun gobara. Wuta ta tashi a Jankara a 2012, da Balogun a 2019, da Dosunmu a 2024. A lungun da mota ɗaya ke cika shi, wanda ya ajiye mota ya tafi ya rufe wa 'yan kwana-kwana hanya. Haka nan mace mai naƙuda da majinyacin da za a kai asibiti cikin dare, ba su da lokacin neman mai mabuɗi.

Saboda haka wajibi ne kowa ya ɗauki nasa nauyin. Direba ya nemi izinin maigida kafin ya tsaya, kada ya yi nisa da motarsa, ya sauke kaya ya ɗaga. Mai gadi kada ya karɓi 'yan kuɗi ya sayar da ƙofar da ba tasa ba, domin ranar da rigima ta tashi shi za a fara nunawa. Sarakunan Hausawa da shugabannin direbobi su zauna da masu unguwa a tsayar da lokacin sauke kaya, kowa ya sani. Limamai su tunatar da mutane cewa Musulunci ya ba hanya haƙƙi, ya ba maƙwabci haƙƙi, ko da addini bai zo ɗaya ba.

Gwamnatin Jihar Ikko ma tana da nata. Kada a ba kowa izinin gina bene sai ya nuna inda motocinsa za su tsaya. A tanadi filayen ajiye mota a gefen tsibirin bisa kuɗin da talaka zai iya biya. Dokar kuma ta hau kan mai marsandi kamar yadda take hawa kan mai a-kori-kura.

Baƙon da ya kiyaye ƙofar mai masauki ya kiyaye mutuncinsa da abincinsa. Rigakafi dai ya fi magani.