ZAGA DUNIYA: Shikago da ƙaramin guzuri

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan magana ta kan tabbata a kan mai zuwa Shikago, birni na uku wajen girma a ƙasar Amurka, wanda ke kwance a bakin tafkin Mishigan cikin jihar Ilinois, da mutane sama da miliyon 2 da dubu 700 bisa ƙidayar 2020. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da taro ya kai shi can, da ya sauka sai ya nufi tsakiyar gari inda dogayen benaye suke, ya kama otel, ya ci abinci nan ƙofar otel, ya hau taksi zuwa duk inda za shi. Kafin kwana uku guzuri ya ƙare. Sai ya komo gida yana ba da labari cewa Shikago garin masu kuɗi ne, talaka ba shi da wurin tsayawa. Alhali kuwa lungu guda ya gani cikin unguwanni 77 da aka kasa birnin, kuma mafi yawan abin da ya cancanci kallo a can ba a biyan ko tamma.

Tun farko sai a yi hattara da kalmar dala. Duk inda aka ambace ta a nan, dalar Amurka ake nufi, ba dalar sefa biyar ta kasuwar Maraɗi ba. Na biyu, kuɗin da aka rubuta jikin kaya ba shi ne ake biya ba, domin sai an zo wurin biya ake ɗora haraji, wanda a Shikago ya zarce kashi 10 cikin ɗari, na ɗakin otel kuwa ya zarce kashi 17. Na uku, a gidan abincin da aka zaunar da mutum aka kawo masa, al'ada ce mai ƙarfi ya bar wa yaron da ya yi masa hidima tukuici na kashi 15 zuwa 20. Wanda bai sa waɗannan cikin lissafinsa ba, kullum zai riƙa ganin kamar an cuce shi.

Hanya da jirgi

Titunan Shikago a miƙe suke kamar an ja su da zare. Ana soma ƙirga lambobin gidaje daga mahaɗar titin State da titin Madison, kuma galibi kowace lamba 800 mil guda ce, wato kilomita ɗaya da rabi da ƴan kai. Tafki kuwa kullum yana gabas. Wanda ya riƙe waɗannan biyu da wuya ya ɓata.

Dokin talaka a birnin shi ne jirgin ƙasa da ake kira L, wanda ya soma aiki a 1892, yana bi bisa ginshiƙan ƙarfe a saman tituna, wani wuri kuma ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Layuka takwas ne, kowane da launinsa. Shuɗin layi shi ke ɗauko mutum daga filin jiragen sama na O'Hare har tsakiyar gari, jan layi kuma ya ratsa birnin daga arewa zuwa kudu, kuma waɗannan biyun ba su kwana, dare da rana suna tafe. A 2024 shiga guda dala 2 da rabi ce, katin yini guda na jirgi da bas dala 5, na kwana bakwai dala 20. Hawa saman benen Willis Tower don hangen gari sau ɗaya tak ya fi kuɗin katin sati ɗin nan tsada. Mai son ganin benaye da araha sai ya hau layi ruwan ƙasa, ya zauna jikin taga. Jirgin yana zagaya tsakiyar garin da ake kira Loop, yana bi ta tsakanin benaye dab da tagoginsu, sannan ya ƙetare kogi ya yi arewa.

Bakin tafki na kowa ne

A manyan birane da yawa, bakin ruwa na masu hali ne da masu masana'antu. Na Shikago bai zama haka ba, kuma ba a banza aka samu ba. A 1836 hukumomi suka rubuta jikin taswirar gari cewa filin da ke bakin tafki na jama'a ne, ba za a yi gini cikinsa ba har abada. Bayan gobarar 1871 da ta cinye tsakiyar birnin, a nan aka riƙa zubar da ɓaraguzai, filin ya ƙara faɗi, masu son gini suka sa masa ido. Wani attajiri mai suna Aaron Montgomery Ward, wanda ya yi arziki da sayar da kaya ta hanyar gidan waya, shi ya tsaya. Daga 1890 ya yi kusan shekara 20 yana shari'a da kuɗin aljihunsa, manyan gari na ganin baƙinsa, har kotu ta ba shi gaskiya. Filin nan shi ne Grant Park na yau.

Albarkacin wannan tsayuwa, da kuma tsarin birni na Daniel Burnham na 1909, akwai hanyar ƙafa da keke mai tsawon kilomita kusan 29 a bakin tafkin, da wuraren wanka sama da ashirin, duk kyauta. A kusurwar arewa ta Grant Park aka buɗe Millennium Park a 2004, inda ƙaton ƙarfen nan mai ƙyalli yake, wanda mutanen gari ke kira Wake saboda siffarsa, kowa ya tsaya gabansa ya ga kansa da benayen gari a lanƙwashe. Ƙetaren titi akwai Chicago Cultural Center, tsohon ɗakin karatun birni da aka buɗe a 1897, mai ƙubbar gilashi kala-kala. Shiga kyauta ne, kuma wuri ne mai kyau na fakewa ranar sanyi ko ruwa. Mai iyali sai ya yi arewa kaɗan zuwa gidan namun daji na Lincoln Park, wanda aka kafa a 1868, shi ma ba a biya.

Kafin a bar tsakiyar gari, ya kyautu ɗan kasuwa ya tsaya a gadar titin Michigan da ke kan kogi. Nan kusa akwai gunkin Jean Baptiste Point du Sable, baƙar fata mai jin Faransanci, ɗan kasuwa, wanda ya kafa wurin cinikinsa a bakin kogin wajen shekarun 1780. Shi ake ɗauka a matsayin wanda ya kafa garin, kuma a 2010 aka sa wa gadar sunansa.

Unguwanni

Abinci mai araha da daɗi yana cikin unguwanni, inda baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suka yi zango. A can arewa akwai titin Devon, matattarar Indiyawa da ƴan Pakistan. Jan layi ake bi zuwa tashar Loyola, sannan bas mai lamba 155. Nan ne mai neman naman yanka irin na Musulmi zai samu hankalinsa ya kwanta: shinkafa da nama, gasasshen nama, gurasa mai zafi, shayi da madara, ga kantunan yadi, turare da kayan yaji. A tsakiyar gari kuwa sai an tambaya kafin a ci, don sau da yawa akan sa naman alade cikin fiza mai kaurin nan da Shikago ta yi suna da ita.

Kudu da Devon akwai Uptown. Titin Argyle na mutanen Biyetnam ne da miyarsu ta taliya, a gefen titin Broadway kuma akwai gidajen abincin ƴan Habasha, ƴan Najeriya da ƴan Gana, inda wanda ya gaji da burodi zai samu sakwara da dafa-duka. A kudu maso yamma da tsakiyar gari, layi ruwan hoda yana kai mutum Pilsen, unguwar ƴan Meksiko, mai zane-zane jikin bangaye da gidan adana kayan fasahar Meksiko, wanda aka buɗe a 1987, shiga kyauta. Unguwar Sinawa kuma tasha ce guda a jan layi, ƴan mintoci daga Loop.

Sai kudancin birni, wanda baƙi da yawa ke jin tsoronsa tun kafin su gan shi. Tsakanin 1910 da 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyon 6 suka baro jihohin kudancin Amurka, suna gudun wariya da wahalar gonakin auduga. Waɗanda suka zo Shikago aka matse su cikin ƴar siririyar unguwa, don masu gidaje a sauran wurare sun ƙulla yarjejeniyar ƙin sayar musu ko ba su haya. Cikin wannan matsi suka gina Bronzeville, da bankinsu, da jaridarsu Chicago Defender wadda aka kafa a 1905, da gidajen kiɗansu. A bakin unguwar, kan titin Martin Luther King, akwai gunkin wani matafiyi riƙe da akwati, tufafinsa an yi su da siffar tafin takalma da suka sha tafiya. Gaba kaɗan akwai Hyde Park, mazaunin Jami'ar Shikago, wadda bas mai lamba 6 ke zuwa daga tsakiyar gari. Daga tsinin ƙasar da ake kira Promontory Point, wanda ya kutsa cikin tafki, ana hangen benayen birnin gaba ɗaya da maraice, ba tare da an biya kowa ba.

Dare

Daren Shikago na kiɗa ne, kiɗan kuma waɗancan matafiya suka zo da shi. Louis Armstrong ya iso a 1922 da kakakinsa na jaz. Muddy Waters ya baro Misisifi a 1943, ya haɗa garayarsa da lantarki don a ji ta cikin hayaniyar birni, daga nan kiɗan bulus irin na Shikago ya samu kamanninsa. Kunnen da ya saba da molo da gurumi ba zai ji shi baƙo ƙwarai ba. Ana jin sa a Kingston Mines, wanda aka kafa a 1968, da Buddy Guy's Legends, wanda makaɗin da kansa ya buɗe a 1989. Mai son jaz sai Green Mill a Uptown, gidan da ya haura shekara ɗari, inda yaran Al Capone suka taɓa zama zamanin da aka haramta giya a Amurka.

Akan biya kuɗin ƙofa, kuma da dare akan nemi shaidar cewa mutum ya kai shekara 21, komai furfurarsa, saboda haka kada a bar fasfo a masauki. Wuraren nan ana sayar da giya, amma wanda ba ya sha ya nemi lemo ya zauna, ba mai yi masa kallon banza. Galibin irin waɗannan gidaje ƙarfe 2 na dare suke rufewa, daren Asabar ƙarfe 3.

Wanda ba ya son shiga irin wurin nan sam, bai yi asara ba idan ya zo lokacin zafi. Bukin bulus na birnin, wanda aka soma a 1984, ana yin sa cikin watan Yuni, na jaz kuma, wanda aka soma a 1979, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, dukansu a fili kuma kyauta. A Millennium Park mutane kan zo da shimfiɗa da abincinsu su zauna kan ciyawa suna sauraro. A Navy Pier ana wasan wuta bisa tafki daren Laraba da na Asabar duk tsawon lokacin. Titin Devon ma ba ya barci da wuri, akwai wurin shayi da hira har dare ya yi nisa.

Hattara

Ba a ɓoye cewa Shikago na fama da harbe-harbe. A 2021 an kashe mutane kimanin 800, a 2024 adadin ya sauko ƙasa da 600. Mafi yawan wannan ta'asa tana aukuwa cikin wasu unguwanni na kudu da yamma waɗanda aka daɗe da yi wa riƙon sakainar kashi, kuma mazaunansu ne ke ɗanɗana kuɗarta. Kuskure ne baƙo ya yi wa kudancin birni duka kuɗin goro, kuskure ne kuma ya shiga lungun da bai sani ba da tsakar dare. Bronzeville da Hyde Park da rana ake zuwa a sha kallo. Cikin jirgi da dare, a zauna a taragon gaba kusa da matuƙi, a guji taragon da ba kowa, a sa waya aljihu. Idan sha biyu ta gota, kuɗin da aka tsimi da rana ranar biyan taksi ke nan.

Sanyi ma abokin gaba ne. Cikin Janairun 2019 ya kai digiri 31 ƙasa da sifiri, ga iska mai yankan fuska daga tafki. Otel kan yi araha lokacin, amma yawon ƙafa ba ya yiwuwa sai da babbar rigar sanyi, hula da safar hannu. Daga Yuni zuwa Satumba ne garin ke fitowa waje.

Da ɗan gari akan ci gari. Akwai wani shiri mai suna Chicago Greeter, inda mazauna birnin ke zagayawa da baƙo cikin unguwar da ya zaɓa na ƴan sa'o'i, don son garinsu kawai, ba su karɓar kuɗi. Sai dai a rubuta suna ta intanet kwanaki kafin zuwa. Wanda ya yi haka, ya sayi katin jirgi, ya yi hantsi a bakin tafki, ya ci abincin rana a Devon ko Pilsen, ya yi maraice a Promontory Point, ya rufe da kiɗa bisa ciyawa, zai kwanta da sauran guzurinsa cikin aljihu, kuma labarin da zai kawo gida ba zai zama irin na wancan da ya kwana uku a ƙofar otel ba.

Sai sati mai zuwa, a wani birnin.