Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da zarar damina ta kama, iskar hadari takan kayar da turakun lantarki a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Garuruwa manya akan gyara musu da wuri, amma mutanen karkara, irin na wajen Gidan Goga, sai haƙuri.

Mu a ganinmu duhu ba shi ne babbar hasara ba, gama kakanninmu da aci-balbal suka rayu. Hasarar tana wajen ruwa da magani. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, injin rijiyar burtsatse ya tsaya, mata su koma ɗiban ruwan kududdufi, sai amai da gudawa su biyo baya. Allurar rigakafi kuma ta lalace a ɗakin magani don rashin sanyi.

To, ga shawararmu. Ƙananan hukumomi su sa faifan hasken rana a kowace rijiyar gari da ɗakin magani tun da rani. Dagatai su hori jama'a su riƙa tafasa ruwan sha, kada kuma yaro ya kusanci wayar da ta faɗi.

Sa'an nan ga madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 da injinan wuta masu ƙarfin megawat 3. Muna roƙon Gwamnati ta tsaya sai wutarta ta haskaka maƙwabtanta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.