Hijabin Da Zai Kai Malama Makaranta Lafiya

'Yan'uwa malamai, idan muka zauna taron reshe, maganar albashi da ƙarin girma da kuɗin fansho ce ke cinye mana lokaci, kuma ta cancanta. Amma akwai wata matsala da ta shafi rayukan mata daga cikinmu wadda ba mu taɓa sanya ta cikin ajanda ba, wato suturar da malama ke hawa babur da ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya gagari da yawa daga cikinmu. Malamar da aka tura Rimaye ko Kafinsoli ko Mawashi, ko dai ta hau acaba, ko maigida ya goya ta, ko ta ja ƙaramin babur ɗin nan da ake kira roba-roba da kanta. A kowane hali, tana fita ne da suturar da aka ɗinka domin tafiyar ƙasa.

Haɗarin farko kowa ya san shi. Hijabi har ƙasa da abaya mai faɗi suna da kyau kuma suna suturtawa, sai dai iska na kaɗa gefensu zuwa tayar baya. Da zarar sarƙa ko wayoyin taya sun cafki bakin ƙyalle, sai su naɗe shi cikin ƙiftawar ido, kuma tun da hijabi a wuya yake rataye, wuyan ne ke fara ɗaukar fizgar kafin mace ta kai ƙasa. Abin da muke yi a yanzu shi ne tattare ƙyallen a cinya da hannu ɗaya, a riƙe jaka da littattafan yara da ɗayan, wani lokaci ga goyo a baya. Kowace kwana da kowane rami a hanya jarrabawa ce ga wannan hannun.

Haɗari na biyu ba a cika lura da shi ba. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa Yashe da Kankiya, tireloli da motocin haya na gudu a kanta dare da rana. A watan Disamba da Janairu malama na barin gida kafin gari ya gama wayewa, cikin hazo, sanye da baƙi ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu. Masu koyar da Islamiyya da yamma kuwa sai dab da magariba suke kama hanyar gida. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Direban da bai hango mutum ba sai ya matso kusa, ko da yana da kyakkyawar niyya, birki ba zai cece shi ba. Ga shi kuma babura da yawa fitilarsu ta baya ta daɗe da mutuwa.

Za a ce ai ga rigar nan mai ƙyalli, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, irin ta jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da na KASSAROTA da ma'aikatan hanya. Mun gan ta. An yanka ta ne a kan jikin namiji mai sanye da taguwa. Idan malama ta sa ta a ƙarƙashin hijabi, ta ɓuya, amfaninta ya ƙare. Idan ta ɗora ta a sama, ta matse ƙirji da kafaɗu, ta fito da abin da hijabin ya zo rufewa, ta kuma hana hannu sakewa. Wanda ya ce ado ba shi da muhimmanci a wannan magana bai san mata ba, bai kuma san aji ba: malamar da za ta tsaya gaban yara sittin ba za ta yarda ta iso makaranta da shigar da za a yi mata dariya ba. Mun ga yadda dokar hular kwano ta kasance a watan Janairun 2009, lokacin da wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Kayan kariyar da mutane ke jin kunyarsu a cikin akwati suke ƙarewa.

Wasu ƙasashe sun riga mu tunani. A Indiya, inda mata ke ɗaura dogon zanen sari, doka ta wajabta a sa ragar ƙarfe da ke rufe aƙalla rabin tayar baya ta babur, domin kada tufa ta shiga. Abin mamaki, daga can ne Bajaj Boxer da ya cika hanyoyinmu ya samo asali. A 2017 kuma kamfanin Nike ya fito da hijabi na musamman don 'yan wasa. Wancan ɗan guntu ne, bai dace da shigarmu ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin malamin firamare. Darasin kawai shi ne ana iya zama a ɗinka hijabi domin wani aiki takamaimai.

Ra'ayinmu shi ne kada mu jira wani kamfani ya tuna da mu. Telolinmu mata na Kankiya da Kusada sun iya wannan aiki idan aka faɗa musu abin da ake so: hijabi mai hannu, wanda tsawonsa ya wadatar amma an rage faɗin ƙasansa, da maɓalli ko igiya a ciki da za a tattare shi yayin hawa, a sake shi idan an sauka. A zaɓi launi mai haske wanda bai yi ihu ba, a bi bayan kafaɗu da bakin hannu da siririn ƙyalle mai mayar da hasken fitila, a tsara shi kamar adon zare. Da rana ado ne, da duhu kuwa yana haskawa tun daga nesa. Yadin ya zama mara nauyi, domin wanda ya dace da sanyin Janairu zai zama azaba a zafin Afrilu.

Muna roƙon shugabannin reshe su ba malamai mata wannan aiki su jagoranta, domin su ne za su sa, su ne kuma suka san inda ɗinki ke takura. A fara da samfuri biyu ko uku, a ba masu doguwar tafiya su gwada na zango ɗaya, a gyara bisa abin da suka faɗa. Idan ya karɓu, ƙungiyar gama kai ta saro yadi da ƙyallen daga Kantin Kwari a dunƙule, a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar yadda muke yi da kayan azumi. 'Yan mata ɗalibai da ke zuwa daga ƙauyuka a kan keke ko babur su ma za su amfana idan hukumomin makarantu suka amince a sa irin wannan layi a jikin hijabin makaranta.

Maza kuma da namu rabon. Duk wanda ke goya matarsa ko 'yarsa ko abokiyar aiki, ya kai babur ɗinsa wurin mai walda a yi masa raga a gefen tayar baya, ya kuma sauya ƙwan fitilar baya kafin hunturun bana ya shigo.