Mai gidan haya, fara da rufi

Ƴan'uwa, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, mutane da yawa a gidan haya suke kwana. Wanda ya gina gidan ya zuba dukiyarsa ne don ya samu riba, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma gida kamar gona yake. In kana girbi ba ka zuba taki, wata rana za ta daina ba ka.

Wasu masu gida ba a ganinsu sai ƙarshen wata. In ɗan haya ya ce ɗaki na yoyo, sai su ce: "Ka yi haƙuri, sai bayan damana." To, ruwa ba ya jiran kowa. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a ƙasarmu, har da asarar rayuka. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ma ya faɗi. Galibi ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Indararo ne ke toshewa, ruwa ya kwanta bisa soro, gara ta ci azara, gindin bango ya jiƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ganina, gyara yana da tsari. Na farko rufi: azara, kwano da indararo. Na biyu gindin bango: a yaɓe shi, a fidda wa ruwa hanya zuwa waje. Na uku salanga da wurin wanka. Na huɗu wayoyin wuta da suka tsufa. Fenti shi ne na ƙarshe. Wanda ya shafa fenti bisa ruɓaɓɓen bango ya ruɗi ɗan haya, ya kuma ruɗi kansa.

Wani zai ce: "Siminti da tsada, ina kuɗin?" Mu yi lissafi. A ce kana da ɗaki 4, kowane jika 10 a wata. A wata jika 40 ke nan, a shekara jika 480. Ka ware kuɗin wata ɗaya tak, ka kira magini tun cikin rani, lokacin da yaɓe ke bushewa da kyau. Jika 440 sun rage maka. Amma in ɗaki ɗaya ya faɗi, ka rasa jika 120 a shekara, ga kuɗin sabon gini.

Bayan gyara, ƙarin kuɗin haya halal ne, amma a yi shi da adalci. A gaya wa ɗan haya tun da wuri. In shi ya sayi siminti da kuɗinsa, a cire masa cikin haya. A rubuta yarjejeniya a takarda, gaban shaidu biyu. Yanzu da muka iya karatu da rubutu, kar mu sa hannu sai mun karanta.

Kai ma ɗan haya, share indararo, kar ka zuba ruwan wanki a gindin bango. Gidan na wani ne, amma ƴaƴanka ne ke kwana ƙarƙashin rufin.