DOKA BA TA GINA ƊAKI

Ya ku 'yan'uwa na rassan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai,

Maganarmu ta yau kan kuɗin haya ce. Duk wanda ya taɓa kwana ɗakin wani ya san ƙwanƙwasar ƙofa ta ƙarshen wata. Lebura ya sani, malamin makaranta ya sani, mai tura baro ya sani. Hatsi ya yi tsada a rage tuwo. To, ɗaki ya yi tsada, me za a rage? 'Ya'ya?

Mutane iri biyu ke zuwa mana da magani. Na farko ya ce a bar masu gidaje su yi yadda sunka so, kasuwa ta raba gardama. Wannan kura ya ba ajiyar nama. Na biyu, ɗan siyasa mai bakin zuma, ya ce ran da ya hau kujera zai sa hannu a takarda, haya ta faɗo. Wannan shi ya fi haɗari, don maganarsa na da daɗin ji. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku ji abin da ya faru a Senegal.

A watan Janairu na 2014, zamanin Shugaba Macky Sall, majalisar Senegal ta yi dokar rage haya. Hayar da ba ta kai jika 150 a wata ba, a zabge mata kashi 29 cikin 100. Daga jika 150 zuwa 500, kashi 14. Abin da ya haura nan, kashi 4. Wato mai biyan jika 50 ya koma biyan jika 35 da rabi. Talakawan Dakar sunka yi murna, kuma ba laifinsu ba ne.

Sai me? Masu gidaje da yawa sunka gano ƙofar baya. Wani ya ce zai gyara gida, wani ya ce shi da iyalinsa za su shiga. Ɗan haya ya kwashe tabarmarsa, kwana kaɗan sai ga baƙo a ɗakin da sabon farashi. Doka ta kāre wanda ke ciki, ta manta da wanda ke bakin ƙofa. Hayar da anka sauko da ita ta sake hawa. Shaidarmu? Gwamnatin nan dai ta koma ta sake yanka haya daga 1 ga Maris 2023, da kashi 15, da 10, da 5, har ta kafa hukumar lura da haya. In maganin farko ya warkar, wa zai koma gun boka?

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙidayar 2023 ta sami mutum kusan miliyan 4 a yankin Dakar, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar, cunkushe bisa ɗan tsinin ƙasa da teku ya kusa kewayewa. Inda mutum goma ke biɗar ɗaki guda, mai makulli shi ne sarki, ko minista ya so ko ya ƙi.

Ku tambayi 'yan'uwanmu na zangon Akra ma. Tun 1963, zamanin Kwame Nkrumah, dokar Gana ta hana mai gida karɓar hayar gaba ta fiye da wata 6. Shekara sittin da ɗoriya sun wuce, masu gidaje ba su daina neman ta shekara guda ko biyu a dunƙule ba. Wa zai kai ƙarar mai gida, alhali kayansa na kan titi?

Haraji fa? Mu muna cewa a ɗora shi. Mutumin da ya tara gidaje goma yana cin gumin masu haya, hanya ta zo masa, ruwan famfo ya zo masa, darajar gidansa ta ƙaru ba da guminsa ba, tilas ya biya. Amma a yi hankali. In ɗakuna sun yi kaɗan, aka ɗora masa jika biyu, kashegari ya ɗora wa ɗan haya uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kada a haɗa shi da gwauruwar da mijinta ya bar mata ɗaki biyu tana ci da marayu. Ita ba abokiyar gābarmu ba ce. In an matse ta, sai ta rufe ɗakin ko ta sayar wa babban attajiri, talaka ya yi hasara sau biyu.

To, akwai inda anka ci nasara? Akwai. Birnin Viyana, a ƙasar Ostiriya. Tun 1917 anka daskare haya a can. Masu haya sunka huta, amma 'yan kasuwa sunka daina gini, tunda ba riba. Shugabannin birnin ba su tsaya tafa wa kansu ba. A 1923 ma'ajin birnin, Hugo Breitner, ya kawo harajin gina gidaje: mazaunin ƙaramin ɗaki ya biya ɗan kaɗan, mazaunin ƙasaitaccen gida ya biya mai nauyi, kuma kuɗin ba su da wata hanya sai ta gini. Birnin ya sayi filaye da araha, ya gina gidaje sama da dubu 60 kafin 1934. Har yau yana riƙe da gidajen haya wajen dubu 220. Kun ga bambancin? Dakar ta yanka farashi. Viyana ta yanka farashi, ta kuma kafa tubali.

Saboda haka ga abin da za mu riƙe, mu faɗa wa duk mai neman ƙuri'armu:

Na ɗaya, a ƙidaya gidajen haya unguwa unguwa, a rubuta mai gida da kuɗin kowane ɗaki. Abin da ba a sani ba, ba a yi masa doka.

Na biyu, kowace haya da takardar yarjejeniya, kowane biya da takardar shaida.

Na uku, farashi ya bi ɗaki, kada ya bi mutum. In an kori wani an sa wani, kuɗin na nan yadda yake. Wanda ya yi ƙaryar zai shiga gidansa don ya kori ɗan haya, a ci shi tara.

Na huɗu, haraji ya hau bisa yawan gidaje. Mai ɗaki ɗaya ko biyu a ƙyale shi.

Na biyar, a ɗora haraji kan filayen da anka kewaye cikin gari anka bari awaki na kwana, ana jiran su yi tsada. Kango ba shi da ɗan hayar da za a juye wa nauyi. Mai shi ko ya gina, ko ya sayar wa mai ginawa.

Na shida, kuɗin duka su shiga asusu dabam na gina ɗakunan talakawa, a karanta lissafinsa gaban jama'a kowace shekara.

Wani zai ce wannan aiki ne mai tsawo. Gaskiya ne. Sa hannu a takarda minti ɗaya ne, gini kuwa sai an kwaɓa ƙasa. Amma tusa ba ta hura wuta, kuma ba wanda ya taɓa fakewa daga ruwan sama ƙarƙashin doka.

Kada ku jira kowa. Kowane reshe ya fitar da mutum biyu masu karatu, su bi unguwarsu gida gida: ɗaki nawa ke haya, nawa ake biya bana, nawa anka biya bara, kango nawa ke zaune banza. Ku rubuta, ku aiko mana. Ranar da mai bakin zuma ya zo dandali da alkawarinsa, ku buɗe masa littafin, ku yi masa tambaya guda: ɗaki nawa za ka gina, kuma da kuɗin wa?

A karanta wannan takarda a taron reshe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan a miƙa ta gaba.