Rakiyar Ɗan Sanda Ba Ta Mai Da Kai Ɗan Sanda

Jama'ar Tungan Maje.

Akwai wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare a unguwanninmu, kuma mun gaji da kawar da kai. 'Yan sanda biyu za su zo bincike da takardar kotu, sai ka ga mutum goma a bayansu: 'yan banga, mai ƙara da ƙannensa, da 'yan ba-ni-na-iya. Kafin maigida ya gama duba takardar, wannan ya ɗaga katifa, wancan ya buɗe akwatin uwargida, wani ya karɓe wayar yaro. In ka yi magana a ce maka ai hukuma ake taimaka wa.

To, mu duba abin da hukumar ta rubuta da kanta. Garinmu yana ƙaramar hukumar Gwagwalada, cikin Babban Birnin Tarayya, don haka dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, tana aiki a kanmu kai tsaye. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa. Takardar izinin bincike ce ke buɗe wannan ƙofa, kuma sai da sa hannun alƙali ko majistare ko wani mai irin wannan hurumi. Sashe na 147 ya ce ana iya damƙa zartar da ita ga mutum ɗaya ko fiye. Ke nan ikon yana hannun wanda kotu ta damƙa wa. Wanda ya biyo baya ɗan rakiya ne, iyakarsa abin da jami'in ya sa shi, shi ma jami'in iyakarsa abin da takardar ta ambata.

Sashe na 149 shi ne ya kamata kowane maigida ya haddace. Ana yin bincike ne a gaban shaidu biyu, sai fa in kotu ta ce a yi akasin haka. Aikin shaida ya sa ido. Hannunsa ba ya shiga jakar kowa. Mace ce ke binciken jikin mace. In kuma gidan matar kulle ne, dole a sanar da ita kafin a shiga, a ba ta sarari ta kauce. Dokar tarayya ke nan ta san darajar kulle, amma ɗan unguwarmu da ya tashi a cikin wannan al'ada shi ke faɗawa ɗakin matan aure ko sallama babu. Abin kunya! Sannan duk abin da aka ɗauka sai an rubuta shi, an sa hannu, kuma sashe na 150 ya ba mai gidan damar tsayawa a wurin, a ba shi kwafin jerin kayan.

Mun san abin da wasu za su ce: kun manta daren da 'yan bindiga suka shigo garin nan a watan Satumban 2020 suka tafi da mutane? Ba mu manta ba, kuma mun san waɗanda ke kwana a waje cikin sanyi don mu yi barci. Doka ma ta wajabta wa kowa ya taimaki ɗan sanda in ya nema wajen kama wanda ake zargi ko hana shi tserewa. Amma tare ƙofa daban, birkice ɗaki daban.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne shigar mai ƙara cikin ɗaki. Mutumin da ke rigimar fili ko bashi da kai, in ya shiga da hannu cikin aljihu, wa zai rantse cewa ƙullin da aka "gano" a ƙarƙashin gado ba da shi ya zo ba?

Ku kuma ƙannenmu 'yan banga, don ku ma muke wannan magana. Ranar da sarƙar zinare ta ɓace, jami'in zai nuna takardarsa. Kai me za ka nuna? Kutse cikin gida da sata laifuka ne a finalkod, kuma rigar banga ba ta wanke su.

Muna kira ga shugabannin banga da masu unguwanni su tara yaransu a karanta musu sassan nan da Hausa. Duk wanda aka ɗauki kayansa ba a ba shi kwafin jerin ba, ya kawo wa ƙungiya rana da lokaci da sunayen shaidu, mu rubuta wa DPO takardar koke da hatiminmu.