Fada ta koma cikin salula

Daga Yamai har Damagaram, fada ita ce wurin da samari ke dafa shayi suna tattauna al'amuran ƙasa. A can kowa ya san uban kowa, in gardama ta yi zafi akwai babba mai tsawatarwa. Yau hirar ta sami sabon zaure a WhatsApp da Facebook, inda saƙon murya ya ba wanda bai yi lakkol ba, bai kuma jin Faransanci, damar tofa albarkacin bakinsa. Wannan ci gaba ne babba. Amma a wannan zaure, kafin a saurari hujjar mutum sai an fara raɗa masa suna.

An ga haka a zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021. Maganar ƙabila da asalin ƴan takara ta cika wayoyi, har ta danne zancen noma, tsaro da makaranta. Da tarzoma ta ɓarke bayan bayyana sakamako, hukuma ta tsinke intanet na salula kusan kwana goma.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wayoyin nan dai suka yaɗa wani suna dabam. Takunkumin ƙungiyar CEDEAO da barazanar yaƙi sun sa kirarin "Labu sanni no, zancen ƙasa ne" ya haɗa Bazabarme da Bahaushe cikin baki ɗaya. Mutanen Maraɗi suka riƙa jin muryoyin dangi daga Katsina suna cewa ba su yarda a yaƙi Nijar ba. Da aka kafa ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso ranar 16 ga Satumba, samari da dama suka fara kiran kansu ƴan Sahel.

Sai dai sunan da ke haɗa jama'a shi ke ware wasu. Wanda ya yi tambaya a kan tsadar shinkafa, nan da nan a ce masa ɗan koren Faransa. Wanda ya yaba wa sojoji, a ce masa ɗan amshin shata. Tsoron kora daga rukuni kan sa mutum ya tura saƙon da bai tabbatar ba, sannu a hankali har ya gaskata shi.

A Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri ga mai ɓata suna ta intanet. Doka na iya rufe baki, amma ba ta koya sauraro. Wannan aikin iyaye ne, da malamai, da shugabannin rukunoni, domin magana zarar bunu ce, kuma wanda aka zaga a waya da dare, shi za a tarar a sahun sallar asuba.